Ko Zalunci Yana Haifar da Fasaha? Waiwayen Tarihin Waƙa a Kan Iyakar Katsina da Maraɗi

Tsakure

Akwai ra'ayi mai farin jini a tsakanin ɗaliban adabi cewa zalunci shi ne uwar fasaha, wato duk inda aka matsa wa al'umma a nan ake samun mawaƙa da marubuta na ƙwarai. Wannan maƙala ta auna wannan ra'ayi da tarihin yankin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, inda garin Daddara yake, tun daga gabanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har zuwa yau. Abin da ta gano shi ne, mawaƙin da ya fuskanci azzalumi da ƙasida mai ɗorewa ya riga ya ƙware kafin wahala ta same shi, kuma ya sami mafaka da masu sauraro. Waɗanda zalunci ya fi yi wa illa kuwa, wato talakawan ƙauye da bayi da mata, yawancinsu sun tafi da maganarsu a ciki.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wanda ya bar birnin Katsina ya nufi Jibiya zai ratsa ta Daddara kafin ya kai Magama, inda shingen iyaka yake. Daga nan sai Ɗan Isa a cikin Jamhuriyar Nijar, sai Maraɗi. Tsakanin biranen biyu bai cika kilomita 100 ba. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya da cinikayya, kuma ruwan da ke taruwa a madatsar Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Duk da haka, a cikin shekaru 250 da suka gabata wannan ɗan yanki ya ɗanɗani kusan kowane nau'in zalunci: na sarakuna, da na yaƙin 'yan'uwa, da na masu harin bayi, da na Turawan mulkin mallaka iri biyu, da na jam'iyyu masu mulki, ga kuma na 'yan bindiga a yau.

Abin da ya jawo wannan nazari wata magana ce da wani ɗalibi ya yi a darasin adabin jihadi. Da muka gama karanta wata ƙasida ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sai ya ce da sarakunan Gobir ba su yi zalunci ba da ba mu sami wannan adabi ba, saboda haka watakila abin da ke faruwa a garuruwanmu yanzu zai haifar mana da sababbin Abdullahi. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, domin yana nema wa musiba fuskar alheri. Sai dai maganar tana da haɗari, domin tana iya sa mai ilimi ya riƙa kallon wahalar mutane tamkar taki ne da ake zuba wa gonar adabi. Saboda haka ya kamata a auna ta, kuma babu ma'aunin da ya fi tarihin wannan iyaka dacewa da aikin.

2.0 Mizanin Shari'a da Shaidar Adabin Larabci

Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya soki mawaƙan da ba su da linzami, sannan ya keɓe wani rukuni, ya siffanta su da imani da aikin ƙwarai da yawan ambaton Allah, da kuma kare kai bayan an zalunce su. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ita ma ta yi rangwame ga wanda aka zalunta ya ɗaga murya da ƙorafinsa. Haka kuma Annabi (S.A.W.) ya umarci Hassanu bn Sabit ya mayar wa mawaƙan Ƙuraishawa martani. Waɗannan nassoshi sun ba mazlumi izinin magana, sun kuma gindaya masa sharuɗɗa. Izini kuwa daban, iyawa daban. Hassanu ya yi suna a fadar Gassanawa tun kafin ya musulunta.

Malaman usulul fiƙhi suna rarrabe illa da sababi da sharaɗi da abin da ke hanawa. Ɗaya daga hanyoyin gwada illa ita ce a duba ko hukunci yana samuwa duk inda ta samu, yana kuma gushewa duk inda ta gushe. Idan muka ari wannan ƙa'ida, da zalunci illa ce ta fasaha, da duk inda aka yi zalunci an sami fasaha, inda aka zauna lafiya kuma a rasa ta.

Masu wancan ra'ayi suna da misalai, kuma na gaskiya ne. Abu Firasil Hamdani ya yi mafi kyawun waƙoƙinsa yana fursuna a hannun Rumawa. Al-Mu'utamid bn Abbad, sarkin Ishbiliya da aka tuɓe a 1091, ya yi baitocin da suka fi ratsa zuciya a tsare a Agmat. Imamus Sarkhasi ya yi shiftar mafi yawan Al-Mabsuɗ ga ɗalibansa daga kurkuku. Mahmud Sami al-Barudi ya yi shekaru 17 a Sarandib bayan 1882 yana begen Masar da waƙa. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda sojojin Maroko suka kai Marrakush a 1594, a can ya rubuta Nailul Ibtihaj. Sai dai kowane ɗayansu ya shiga kurkuku da kayan aikinsa a ƙirji. Ahmad Baba ya yi asarar tarin littattafansa, wasu daga cikin mutanen da aka kama tare da shi an kashe su tun a Tumbutu, alƙali Umar ya rasu a Marrakush, kuma birnin bai sake komawa matsayinsa na ilimi ba. Ibn Taimiyya ma ya yi rubutu mai yawa a kurkukun Dimashƙa, amma a 1328 aka ƙwace masa tawada da takarda, bayan 'yan watanni ya rasu. Mai lissafin ribar zalunci yakan ƙirga littafin da aka rubuta a kurkuku, ya manta da waɗanda aka ƙone da waɗanda aka hana rubutawa.

3.0 Kafin Jihadi: Fasaha Ta Riga Tsanani

Katsina tsohuwar cibiyar ilimi ce. A ƙarshen ƙarni na 15 Imamus Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙa yana yi musu nasiha da adalci. A ƙarni na 17 birnin ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi sharhi a kan Ishiriniyar Alfazazi, Ɗan Marina kuma yana da ƙasidar da ya yabi Mai Ali na Barno a kan nasarar da ya yi a kan Kwararrafa. Wannan adabi ya tsiro ne a birni mai ganuwa da kasuwa da makarantu, inda malami ke da daraja a fada. Ke nan ɓangare ɗaya na gwajinmu ya rushe tun daga nan, domin an sami fasaha a lokacin yalwa.

An haifi Shehu Usmanu a Maratta, cikin Nijar ta yau, a 1754. Daliyyarsa ta begen Annabi (S.A.W.) ya yi ta yana ɗan shekara 20, wajen 1774, wato shekaru 30 kafin hijira. Ƙanensa Abdullahi ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a Ida'un Nusukh, kuma a cikinsu akwai Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya da nahawu da aruli. Shekara da shekaru suna yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, suna tsara fiƙihu da tauhidi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa domin makiyayi da manomi su haddace. Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, da kuma lokacin da rundunar Yunfa ta auka wa Gimbana har abin ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804, Jama'a ta riga ta mallaki alƙaluma masu kaifi da dubban kunnuwa da suka saba da sauraron baiti.

A Kitabul Farƙi Shehu ya kawo nau'o'in zaluncin sarakunan Hausa da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa, tawasa da ake karɓa a hannun mahauta, gargaɗi na tilasta wa mutane fita yaƙi, da cinye gadon mamaci. Abin lura a nan shi ne, waɗannan abubuwa sun daɗe suna faɗa wa makiyaya da manoma da 'yan kasuwa, kaka da kakanni. Da zalunci kaɗai ke haifar da rubutu, da su suka fara rubutawa. Wanda ya mayar da kukansu littafi shi ne wanda ya yi shekaru a gaban malamai.

4.0 Bayan Nasara: Alƙalami Ya Juyo Gida

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa tushen wannan adabi ilimi ne da taƙawa ita ce abin da ya faru bayan an fara samun nasara. Wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar gaba ɗaya. Ƙasidar da ya yi a kan wannan, wadda ya adana a Tazyinul Waraƙat na 1813, kuka ce da 'yan'uwansa na jihadi waɗanda ya ga sun karkata ga neman mulki da dukiya da ado, bayan mutanen kirki sun ƙare a fagen fama. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a. Babu wanda ya ɗaure Abdullahi ko ya ƙwace masa dukiya. Yana cikin masu rinjaye, amma idonsa ya ga zaluncin da ake yi wa wasu.

Haka lamarin yake ga Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar gargaɗi ce da azabar lahira ga mai mulki da alƙali da ɗan kasuwa da duk wanda ya ci haƙƙin wani, kuma masu mulkin da take nufi a lokacin 'yan gida ne. Gidan da ke riƙe da daula shi ne ya fassara ta zuwa harshen talakawa domin su san haƙƙinsu. Wannan ya nuna cewa abin da ke motsa irin wannan waƙa shi ne sanin adalci da ƙin saɓaninsa, ko a hannun wa aka gan shi.

5.0 Dajin da ke Tsakani

Yanzu sai mu dawo yankin Daddara. Jihadin Katsina ya gudana a hannun Malam Ummarun Dallaje da Malam Na Alhaji da Ummarun Dumyawa, birnin kuma ya faɗi wajen 1807. Sarkin Haɓe Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa a Dankama. Ragowar gidan sarautar suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Daga nan aka shiga yaƙin da ya ci kusan dukan ƙarnin. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron dangin Gobir da Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka mutu. Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, hare-hare suka ci gaba. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku aka yi bore a yankin Ruma da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Aka murƙushe boren da tsanani, garuruwa suka watse, ƙasar noma ta koma daji. A 1844 Sakkwato ta tuɓe Siddiku. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya tarar da dajin da ke tsakani kango ne mai haɗari, ya kuma wuce ta kufan Dankama.

A wannan yaƙi kowane ɓangare yana ganin shi aka zalunta, kuma kowane yana da masu fasaharsa. Ɓangaren Sakkwato yana da malamai da takarda. Bello ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, Nana Asma'u tana da waƙa a kan Gawakuke, almajirai kuma suka yi ta kwafa. Ɓangaren Maraɗi da Tsibiri yana da makaɗan fada da maroƙa da kirarin sarakuna da mayaƙa, abin da ake riƙewa a ka. Tarihin Maraɗi daga bakin mutanenta ya shiga takarda sosai ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da Landeroin, tafintan tawagar Faransa mai shata iyaka, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa, aka buga shi da Faransanci.

Akwai kuma ɓangare na uku, wanda ya fi kowa yawa da shan wuya: mutanen ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda mahara daga arewa ke kamawa a bana, na kudu su kama a baɗi. Uwar da aka raba da ɗanta ta yi kuka, kuma babu shakka ta rera wani abu a bakin dutsen niƙa a gidan da aka sayar da ita. Amma garin da zai riƙe waƙar ya watse, masu amshi sun rarrabu a kasuwannin Kano da Damagaram da hamada. Wannan shi ne zalunci mafi tsanani da yankin ya gani a ƙarni na 19, kuma shi ne ya bar mana adabi mafi ƙaranci.

Labarin Dorugu ya isa misali. Yaro ne Bahaushe daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, mahara suka kama shi, aka sayar da shi a Barno. Wani Bajamushe abokin tafiyar Barth ya 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855, inda wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Labarin yana cikin tsofaffin zuben Hausa da aka buga, kuma mai karanta shi zai ga yaro mai basira da iya ba da labari. Basirar tasa ce tun daga gida. Bauta ta raba shi da iyayensa, kuma da ƙaddara ba ta haɗa shi da mai alƙalami ba, da ya bi sahun dubban yara irinsa.

6.0 Zuwan Turawa da Shata Iyaka

A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa. Ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta ci gaba gabas har shugabannin nata suka hallaka a hannun sojojinsu a yankin Maijirgi kusa da Tasawa. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato, Katsina ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906 suka raba ƙasar a takarda, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakun iyaka. Gabar Katsina da Maraɗi ta zama layi a taswira.

Wannan girgiza ta haifar da waƙoƙi, amma a duba su wa suka yi su. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Attahiru kansa, jikan gidan Shehu. Akwai kuma Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya zauna a Salaga sannan Kete-Krachi a Gana ta yau, ya rasu a 1934. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi ƙasidu da Larabci da Hausa yana lissafa garuruwan da Nasara suka ci da yadda suka wulaƙanta sarakuna. Mutum ne da ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin wasiƙa tun yana saurayi, ya kuma fassara diwanin Imru'ul Ƙais zuwa Hausa. Bayan ilimi yana da wani abu na biyu, wato nisa daga fagen fama da zama a cikin zangon fatake masu sauraro da kwafa.

A kwatanta wannan da Satiru. A watan Maris na 1906 aka shafe garin bayan boren da talakawa da gudaddun bayi suka yi, aka kashe mutane kusan 2000, aka kwashe mata da yara, aka hana sake zama a wurin. Abin da aka fi sani game da su daga rahotannin waɗanda suka hallaka su ya fito. A ɓangaren Faransa kuwa, aikin tilas da haraji mai nauyi sun sa mutane da yawa tsallakowa kudu, ga yunwar Kakalaba ta 1914 da ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Ta'asar Voulet sai da ta jira shekaru 81 kafin Abdoulaye Mamani ya mayar da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ƙagaggen littafi a 1980, da Faransanci.

7.0 Zamanin Sawaba

Shekarun 1950 su ne lokacin da masu ra'ayin da muke aunawa suka fi kafa hujja da shi. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e, waƙar siyasa kuma ta bunƙasa ƙwarai. A Nijar ma jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, tana da alaƙa da 'yan NEPU, kuma wannan iyaka ta zama mafaka ga waɗanda ake nema.

Amma su wane ne mawaƙan? Malam Sa'adu Zungur ya yi zurfi a Larabci da fiƙihu a gidansu a Bauci kafin ya je Kwalejin Katsina, kuma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya gini ne na wanda ya san ƙafiya da ma'auni. Malam Aƙilu Aliyu mahaddacin Alƙur'ani ne da ya yi almajirci har Barno. Malam Mudi Sipikin ya tashi a gidan malamai. Malam Aminu Kano ɗan gidan alƙalai ne mai tafsiri. Makamin da suka ɗauka gadon waƙar wa'azi ne ta ƙarni na 19. Sannan zamanin ya ba su abin da mutanen Ruma ba su samu ba: ɗab'i, da jarida tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da rediyo, da taron lacca, da 'yancin da bai cika ba amma ya isa a rera waƙa a kasuwa kafin ɗan doka ya iso. A Nijar kuwa, bayan yunƙurin makamai na Sawaba a 1964, danniyar ta kai matuƙa, aka kashe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen yari. Mamani, wanda ɗan Sawaba ne, ya yi rubutunsa na farko a gudun hijira, da ya dawo bayan juyin mulkin 1974 kuma aka tsare shi. Matsi mai sassauci yakan bar wa murya kafar fita, mai tsanani kuwa shaƙewa yake yi.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa fasaha ba ta da alƙibla da kanta. Jam'iyya mai mulki ma tana da mawaƙanta masu gwaninta. Ƙasar Hausa ta san makaɗan da suka yi suna da wasa ɓarayi, kuma a 'yan shekarun nan an ji waƙoƙin yabon shugabannin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi. Shi ya sa Alƙur'ani ya gabatar da imani da aikin ƙwarai kafin ya ambaci kare kai.

8.0 Kammalawa

Gwajin ya nuna cewa zalunci bai cika sharuɗɗan illa ba. An sami fasaha a Katsinar Ɗan Masani ba tare da tsanani ba, an kuma sami tsanani a Ruma da Satiru ba tare da adabin da ya iso mana ba. Iyakar abin da za a ce shi ne, zalunci yakan zama sababin da ke ba ƙwararre maudu'i da zafin zuciya, idan sharuɗɗa uku sun cika: ilimin da aka samu tun da wuri, da mafakar da za a zauna a tsara, da jama'ar da za ta saurara ta adana. Idan ya tsananta kuwa, waɗannan sharuɗɗan yake fara rushewa.

Wannan shi ne abin tsoro a halin da ake ciki. Dajin Rugu da 'yan bindiga ke fakewa a cikinsa yana yankin da ya zama kango a zamanin Siddiku. Ƙauyuka a Jibiya da Batsari da Safana sun sha tashi, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka tun daga 2019, iyakar kanta an rufe ta a 2019 da kuma 2023. Satar ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ta nuna cewa makaranta ma ba ta tsira ba. Yaron da aka tayar da tsangayarsu yana gudu da iyayensa, ba a nan zai koyi aruli ba.

Saboda haka amsar da zan ba ɗalibina ita ce, idan muna son wani Abdullahi, sai mu tsare makarantar da za ta rene shi. Akwai aiki uku a wuyan jami'o'inmu. Na farko, tallafa wa malaman allo da na zaure da aka raba da garuruwansu domin karatu ya ci gaba a inda suka sauka. Na biyu, tura ɗaliban adabi da tarihi su rubuta abin da 'yan gudun hijira ke faɗa da abin da matansu ke rerawa, da izininsu da kiyaye mutuncinsu, kada jikokinmu su nemi labarin Daddara da maƙwabtanta a rahoton baƙi kamar yadda muke neman na Satiru. Na uku, koya wa masu tasowa auna waƙa da mizanin adalci tare da mizanin ƙafiya. Kawar da zalunci wajibi ne ko da zai sa a rasa ƙasidu dubu, domin jinin mumini ɗaya ya fi su nauyi a wurin Allah.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙon Sa Ya yaye wa mutanen wannan iyaka abin da ya dame su, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.